Surajo Na-Shanye da Gwangwanin 'Yan Lemu

A layin 'yan lemu na kasuwar Zuba, in ka tambayi Surajo sai a ce maka, "Na-Shanye?" To, shi ne. Mutumin Malumfashi ne, gajere mai faɗin kafaɗa. Ya zo Abuja da niyyar cin rani ɗaya, ga shi furfura ta riske shi a nan. Da dako ya fara, ya koma ware ruɓaɓɓe daga mai kyau, har Allah ya ba shi rumfarsa. Mutum ne marar musu. In ka ari wuƙarsa ta fere ka ƙi mayarwa, sai ya sayi wata, ya kuma gaishe ka da safe.

Layin nan yana da gwangwani. Tsohon gwangwanin madara ne babba, mazauninsa rumfar Alhaji Maliki, shugaban layi, kusa da buta. Duk wanda asibiti ta ba magani, da ya ji sauƙi sai ya kawo ragowar ya zuba, sadaka ga na baya. Wanda ciwo ya kama kuma ya zo, Alhaji ya girgiza ya zaɓar masa. Da launi Alhaji ke aiki. Ja-da-rawaya na gyambo da gudawa ne, fari na zazzaɓi, wanda rubutunsa ya goge kuwa na komai da komai. Tun da aka kafa gwangwanin ba a taɓa samun mamacin da ya dawo da ƙorafi ba, saboda haka ya yi suna.

Wata rana ana sauke lemun Binuwai, ƙusa a jikin mota ta yage wa Surajo ƙwauri. Alhaji ya fasa kafso ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya ba shi biyu ya haɗiye. Washegari aka sauya launi. Ƙafa ta ci gaba da kumbura, har ta fara gogayya da kankanar rumfar maƙwabta. Matarsa Safiyatu ba ta nemi shawarar kowa ba, ta kira mai Keke Napep aka kai shi asibiti.

Likita ya ɗebi ruwan ciwon aka gwada. Ya ce ƙwayoyin cutar sun sha haɗuwa da magani rabi-rabi har sun saba da shi, sun zama 'yan gida. Aka wanke ciwon, aka yi masa allura saboda ƙusar, likita ya rubuta wani magani daban. Nas ɗin da ta miƙa masa, Treasure, ta yi masa bayani da Hausarta ta Abuja.

"Baba, wannan naka ne kai ɗaya. Ka sha a lokacinsa, ka gama duka ko ka ji sauƙi. In ka ga ƙuraje ko fuska ya kumbura, ka dawo da sauri. In wannan bai yi aiki ba, oga likita zai fara maganan yanka."

Surajo ya dubi ƙafar. Ba wani kyau gare ta ba, duk faso ne, amma da ita ya zo daga Malumfashi.

Bai kai rabin maganin ba kumburi ya saɓe, ya koma kasuwa yana ɗingishi. Da azahar aka ajiye farantin shinkafa da wake a rumfar Alhaji, aka kewaye shi kamar kullum. Ana cikin ci, Alhaji ya sa ƙafa ya turo gwangwani gaban Surajo.

"Na ga ƙafa ta sauka, Surajo. Alhamdu lillahi. To, a tuna da na baya."

"Alhaji, ai ban gama ba."

"Ciwon ne bai gama ba, ko kai?"

"Maganin."

"Ga Ilyasu direba nan, tun daga Lakwaja yake tari. Biyu kawai."

Ilyasu ya yi tari don a tabbatar.

"Allah ya sawwaƙe," in ji Surajo. "Ya je a duba shi. Na san hanyar, in yana so in raka shi."

"Yau kai ne ke hana sadaka?"

"Alhaji, ka ce lemu in ba da buhu. Wannan kuwa da ƙafata aka auna shi, ba da maƙogwaron Ilyasu ba."

Wani daga gefe ya ce ai dama asibiti haka take, mutum ya shiga da ƙafa ɗaya a kumbure, ya fito da kai a kumbure. Aka yi dariya, aka ja farantin gefe kaɗan. Washegari ba a kira shi cin abinci ba. Matar Alhaji ta taka har gida ta ja wa Safiyatu kunne cewa rowa ba ta yi wa ɗan kasuwa kyau. Safiyatu ta ba ta tabarma, ta ba ta ruwa, sannan ta ce, "Hajiya, in ƙafar ta tafi, gwangwanin ne zai riƙa sauke mana lemu?"

Da wani ne, da sai ya riƙa sha a ɓoye bayan buhuna. Surajo kuwa, da lokacin magani ya yi, sai ya fito bakin rumfa ya tsaya inda duk layi ke ganinsa. Ya ciro katin maganin daga aljihu, ya ɓalle ɗaya a natse, ya yi bisimilla a fili, ya kora da ruwan leda. Daga nan ya ɗaga wa Alhaji hannu ya ce, "Barka da rana, ranka ya daɗe." A nan sunan Na-Shanye ya samo asali, wai ya shanye maganinsa shi kaɗai. Sun laƙaba masa don ya ji haushi, shi kuma ya riƙa amsawa tun kafin a rufe baki.

Ranar da ya haɗiye na ƙarshe, ya taka zuwa rumfar Alhaji da ƙafa biyu, babu ɗingishi. Ya buɗe gwangwani ya jefa katin da babu komai a ciki.

"Ga ragowar, Alhaji."

Ya wanke hannu da butar Alhajin, ya zauna a bakin faranti ba tare da an ce masa bisimilla ba, ya kai loma. Babu wanda ya ja farantin. Ilyasu ma ya matsa masa. Ashe ya je asibitin a ɓoye, aka ce masa mura ce, irin wannan magani ba ya mata komai, ya je ya huta ya sha ruwa. Har yau bai yafe wa likitan ba, ko da yake tarin ya tafi.

Gwangwanin yana nan kusa da buta, sai dai in an girgiza shi yanzu ƙarar ta ragu. Surajo kuma bai sauya hali ba. Wuƙarsa ta fere tana hannun Ilyasu tun bara, bai tambaya ba.