Zoben Evaristo a Yatsana

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, 2019, Allah ya yi wa Evaristo Nkole rasuwa a gidansa da ke unguwar Kankoyo, nan garin Mufulira, bayan tarin da ya kwaso a ramin jan ƙarfe ya gama cin ƙirjinsa. Ina cin ɗumame aka aiko. Na fita da silifas ɗaya nawa, ɗaya na matata.

Evaristo, bari in fara ba ka labarin abin kunyar da na yi a kan gawarka, don na san da kana nan sai ka yi dariya har tarin ya sarƙe ka. Ka san dokar ƙungiyarmu ta 'Yan Fitila: ba a wanke ɗan'uwa da zobensa, wanda ya riga isowa shi ke zarewa ya kai wa dattawa. Na zare, ya fito salin-alin, don ciwo ya rage ka sai ƙashi. Na laluba aljihu, na dama a huje, na hagu a huje. Sai wayon nan nawa na wanda ya tsaya a aji huɗu ya ce, sa shi a yatsa mana. Na sa. Ya shiga, ya ƙi fita. Mata suna waƙoƙin coci a tsakar gida, ni Njobvu ina bayan ɗaki ina fama da sabulu da man girki, yatsa ya kumbura kamar rogo.

A nan matarka, Maman Kasuba, ta same ni, idanunta jawur, ta kira ni da "Ba" ɗin nan na girmamawa da muke sa wa sunan dattijo.

"Ba Njobvu, mijina bai huce ba har kun fara rabon gado?"

Na ce, "Wane gado? Ku ƙabilar Bemba komai naku sai ya manne wa mutum, har zobenku. Zo ki ja."

Ta ja, ta ja, ta ce, "Ɓerayen da kake ci ne suka taru a yatsan." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, na taya ta.

Haka muka rayu da kai. Ni ɗan ƙabilar Ngoni, kai ɗan Bemba, abokan wasa tun kakanni. Ban taɓa jin sunana a bakinka ba sai "mai cin ɓera", ni ma "mai cin biri" nake ce maka. Yanzu garin nan cike yake da masu girmama ni, babu mai zagina da safe, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Kai ka shigar da ni ƙungiya. Abin da ke bayan ƙofa ba zan rubuta ba, na yi rantsuwa. Mutanen gari suna cewa jini muke sha. Da sun ga shayin da muke sha, marar sukari, muna gardama a kan rufin da ke yoyo, da sun tausaya mana. Amma zobe a waje yake, kowa yana ganinsa. Na jan ƙarfe ne, irin wanda muka haƙo da hannunmu, yana mai da yatsa kore. A samansa hoton fitilar goshi ta 'yan rami. Ranar da ka sa mini nawa ka juya fitilar tana kallona, ka ce, "Haska kanka tukuna, kai da ko takalminka ba ka gani." Sai da na yi shekara da shekaru kafin dattawa su yarda ta kalli mutane.

Wanda kuma duniya ta matse, ba ya roƙo. Fitilar yake juyawa cikin tafin hannu, wanda ya gani ya gani. Shekarar da aka sallame mu daga aiki, 'ya'yana suna kwana da ruwan zafi, na juya tawa, sannan girman kai ya sa na riƙa yawo da hannu a aljihu. Kai ka fizgo hannun a bakin kasuwa, wai za ka duba ko na wanke shi. Ka ga fitilar a juye. Washegari ga buhun garin masara da busasshen kifi a ƙofata, kana ihu maƙwabta na ji: "Karɓi, kafin ka ƙarar mana da ɓerayen unguwa!" Kowa ya ɗauka wasa ne. Ka ciyar da gidana, ka bar mini mutuncina.

A cikin kowane zobe, ta wajen da ke taɓa fata, akwai sunan ɗan'uwan da aka ɗora maka ɗawainiyarsa. Wanda sunansa ke cikin nawa ya daɗe da rasuwa, ina ta yawo sakayau ina yi muku dariya. Da na je wa babbanmu da kumburarren yatsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Njobvu, ba wanda ya sa maka. Wanda zoben mamaci ya zauna a yatsansa, nauyinsa ya zauna a wuyansa. Kawo naka mu ajiye."

Sunan da ke cikin naka kuwa na Ba Silwamba ne, dattijon da nakiya ta cinye wa idanu a rami. Duk Asabar kana hawa kekenka zuwa gonarsa a hanyar Mokambo, ka yi masa aski, ka yanke masa farce, ka ba shi labarin ƙwallo, kana ƙara wa ƙungiyarsa cin da ba ta yi ba. Ko da tari ya hana ka tuƙi, tura keken kake yi. Ba da murya yake gane ka ba, don kunnen ma ya yi nauyi. Hannu yake kamawa, ya shafa zoben, ya ji lotsewar nan ta gefe, ya ce ka makara.

Ubangiji ya jiƙanka, Evaristo, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka numfashi mai sauƙi a inda babu ƙura. Ya haskaka kabarinka yadda ka haskaka gidajen mutane. Maman Kasuba, da Kasuba da ƙannenta, da dangi na garin Kasama da suka yi doguwar tafiya, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. 'Yan'uwana na ƙungiya, Allah ya ba mu haƙurin juna.

Saura abu ɗaya. Ba Silwamba bai sani ba. A al'adarmu wanda ya gaji zoben ne ke kai labari, don haka 'yar'uwarsa ta yi shiru tana jirana. Asabar ɗin da ta wuce na kai har mararraba, na tsaya, na juyo. An ce ya wuni a ƙofa da tawul a kafaɗa. Na sayi reza, na ari kekenka. Wannan Asabar zan je in miƙa masa hannu. Zai shafa zoben ya ce na makara, sannan ya ji kaurin yatsan. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, Evaristo, har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.