Dakalin da Aka Sare Don Hoton Mota

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya same ni, zamanin mulkin soja, na haura shekara hamsin, kuma ni ce matar da ake shakka a lungunmu da ke Kwarbai, cikin birnin Zariya. Ban yi boko ba, ko wannan ma maƙwabciyata ce malamar makaranta take rubuta mini, amma Allah ya ba ni ido, baki kuma ban taɓa aron na wani ba. Ba mai zubar da ruwan wanki a hanya in ina kusa. Amaryar da ta bar tukunya ta kwana da ƙanzo za ta ji daga gare ni kafin ta ji daga uwar mijinta. Maigidana, Malam, ya riga ya kwanta a lokacin. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da ƙafarsa da hannun dama, ya tafi da magana gaba ɗaya, sai ido da ɗan gurnani. Abin da ya rage masa a duniya shi ne zauren gidanmu, wanda kakansa ya gina da ƙasa, mai zane a fuska, inda ya yi shekaru yana ba da karatu. Kullum da hantsi ɗalibansa biyu, magidanta ne, sukan ɗauke shi su kwantar a kan buzunsa, masu wucewa su shigo su gaishe shi, shi kuma ya bi su da ido. Ranar da ba a fitar da shi ba ko koko ba ya karɓa. Kula da ginin kuwa ya dawo wuyana. Ni ke kiran magini kafin damina, ni ke zagayawa ina latsa bango da yatsa.

Mutum ɗaya ne bakina ba ya kaiwa gare shi, ɗana na fari. Mu haka muka taso: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta dubansa ta yi masa faɗa. Ana yaye shi aka miƙa wa ƙanwar Malam da ke aure a Ƙofar Gayan, a gidan bulo, ita ta riƙe shi, ita ta san kukansa da dariyarsa. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma in kau da kai in amsa a taƙaice. In ina da saƙo, ta bakin gwaggon tasa yake bi. Kuma taƙama nake da hakan, har gori nake yi wa matan zamani masu rungumar 'ya'yan farinsu a tsakar gida. Yaron ya yi karatu, ya samu aikin banki a Kaduna, mai hankali, ba sha ba yawo. Cutarsa ɗaya, mota. Ya daɗe yana tari har ya je Kwatano ya sayo wata ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ƙasa-ƙasa kamar an danne ta, fitilunta ma a rufe suke sai an taɓa wani abu su ɗago kamar mai tashi daga barci. Amma ba ta shiga lungunmu. A bakin titi yake barin ta ya tako, saboda a daidai kwanar zaurenmu hanyar ta tsuke, kuma abin da ya tsuke ta shi ne dakalin da ya kewaye gindin zauren.

Sai ga maganar hoto. Abokansa suna kai motocinsu gaban otal ko bakin ruwa a ɗauka, shi kuwa ya ce tasa a ƙofar zauren gidansu za a ɗauke ta, ana hango mahaifinsa a ciki. Ya ɗauko wani mai hoto daga Tudun Wada, ɗan gaye mai jakar fata a kafaɗa, suka zo duba wuri, ina bayan ƙyauren ciki ina ji. Mai hoton ya yi ta yabon zanen bango, wai jar mota a gaban jar ƙasa ai hoton kalanda ne. Suka auna faɗin lungu da igiya, suka ga bai kai ba. Mai hoton ya ce ai abu mai sauƙi ne ranka ya daɗe, wannan tudun da tsofaffi ke zama a kai a sare shi daga kwana, bayan hoto a mayar. Wanda bai zauna gidan ƙasa ba yana ɗauka dakali wurin zama ne kawai, alhali shi ke tare ruwan da ke zubowa daga indararo da wanda ke gudu a lungu, kada ya ci gindin gini. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Da wani ne, da tun a wurin na fito na kore su har da igiyar tasu. Amma shi ne. Sai na yafa mayafi na tafi Ƙofar Gayan, na ce wa gwaggonsa ta gaya wa ɗanta kada ya kuskura ya taɓa dakalin nan, damina ta ƙarato, kuma yayanta a ƙarƙashin rufin nan yake yini. Kun san tsakanin mace da ƙanwar miji akwai wasa. Ta kwashe da dariya, ta ce ga matar yaya sarauniyar mita, ko kishi nake don ba a ce za a ɗauke ni a hoton ba? Ta ce in bar mata ɗanta ya ci guminsa, ni da na yar da shi tun daga yaye ina ruwana. Ta ƙara da cewa in mota na isa ƙofa, ko asibiti za a kai Malam ai an huta da ɗauka. Na ce ba wasa ya kawo ni ba. Ta ce to ta ji, za ta faɗa. Na dawo gida ina ganin na sauke nauyi.

Ranar Asabar sai ga lebura da diga. Ina tsakar gida ina jin saran kamar a ƙirjina, ina ce wa kaina wataƙila ɗan gefe kawai za a rage. Da na leƙa, an cinye kwanar duka, bango ya fito tsirara ana ganin tsohon tubali. Bayan la'asar aka shigo da motar a hankali, an naɗe madubanta, wani a gaba yana ta zo-zo, maza sun cika lungu, mata suna leƙe ta kan katanga. Mai hoto ya hana a ɗauka sai rana ta sauko ta bugi fuskar zauren. Ya sa aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka goge motar har mutum na ganin fuskarsa, aka karkata tayoyin gaba, aka ɗaga fitilun nan. Ya aiko aron turmina ya kife ya hau, ya sauko ya kwanta rub da ciki da farar rigarsa, har wani dattijo yana tambayarsa ko motar sarauta aka ba ta da ake faɗuwa gaisuwa. Aka naɗa wa Malam rawani aka jingina shi da matashi a bakin ƙofa. Ba zan ɓoye ba, rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun kafin ciwo. Yana kallon ɗansa jingine da mota, gefen bakinsa mai motsi yana rawa. Wannan hasken ya ƙara rufe mini baki. Na ce a raina bari a gama, gobe a mayar.

Ba a mayar ba. Da fari aka ce siminti ake jira, wai na zamani za a yi. Maginin gidanmu ya ce siminti ba ya kama jikin ƙasa, ruwa zai bi bayansa, sai dai a kwaɓa ƙasa yadda aka gada, ita kuma tana son rana ta bushe. Ana cikin wannan ja-in-ja ruwan farko ya sauka. Abin da na gani da idona kuwa shi ne yaron ya ji daɗin kawo motarsa har ƙofa duk ƙarshen mako, in an mayar da dakali kuma sai bakin titi. Hoton ya fito, aka sa a gilashi aka rataye a ɗakin Malam, kowa ya zo sai an nuna masa. Ni kuwa ina jera duwatsu da fasassun tukwane a gindin bango, ruwa na zuwa yana kwashewa. Na sake komawa Ƙofar Gayan, ta sake sallamo ni da dariya. Akwai wata Lahadi da ba na mantawa. Ya zo yi mini sallama zai koma Kaduna, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce Iya ko akwai abin da ake bukata. Mu biyu ne kaɗai, ba mai ji, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Da safiyar ranar na sa hannu a gindin bangon, ƙasar ta biyo yatsuna kamar tuwo. Maganar ta zo har kan harshena. Na kau da kai na ce babu komai, Allah ya tsare hanya. Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi.

Da marka ta kama, ruwa ba ƙaƙƙautawa, na hana a fitar da Malam. Nan kam na iya, na tsaya a ƙofa na ce wa ɗalibansa ba inda za shi. Ya daina cin abinci. In na kawo koko sai ya juya kai, ya kafe ƙofa da ido, hawaye na bin gefen fuskarsa. Da aka wayi gari wata rana sama ta washe, sai zuciyata ta karye, na ce a kai shi ya sha iska. Ni da na tsufa a gidan ƙasa na san ba lokacin da ake ruwa gini ya fi faɗuwa ba, sai rana ta bugi jiƙaƙƙen bango. Na sani, tausayi ya mantar da ni. Ina tankaɗe wajen azahar na ji wani nishi kamar an sauke babban buhu, sai salatin mutane. Kwanar da aka sare ce ta zauna, rufin ya biyo ta. Ɗaliban sun fita alwala, shi kaɗai ne a ciki, kuma abin da ke cin raina har yau shi ne tunanin yana ganin ƙasa na zubowa, ba halin tashi, ba halin kira. Da hannu aka tono shi, azara ta danne masa ƙirji. Ɓaraguzai sun toshe lungun, a kan ƙyauren ƙofa aka ɗauke shi zuwa bakin titi. Bai kai Juma'a ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki ɗan nawa ya zo bakin ƙofata, ya rame kamar wanda ya yi jinya. A karon farko tun da na haife shi na ce ya shigo ya zauna. Na tambaye shi me gwaggonsa ta gaya masa. Ya ce cewa ta yi tsohuwarka na can tana mitar dakali, ka san halinta, ka sayo mata goro ta yi shiru. Ya ce wallahi Iya da kin buɗe baki sau ɗaya kin ce bari, da ko a Kaduna zan bar motar in zo da ƙafa. Ba da zargi ya faɗa ba, kuka yake, yana cewa shi ya kashe mahaifinsa saboda hoto. Ya ce ranar Lahadin nan ya ga alamar magana a bakina, ya jira, shi ma kunya ta hana shi tambaya. Bai ƙara shiga motar ba, dillali ya zo ya tafi da ita. An tayar da zauren bulo, ba zane, ba mai zama a ciki. Har yau, ga shi da furfura, in an ɗaga kyamara a wurin biki sai ya sulale ya fita. Gwaggonsa kuwa har ta rasu ba mu ƙara wasa ba.

Na san ajali ne, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Ban ce mota haram ce ba, ban ce hoto laifi ne ba. Samari masu son a ga abin da Allah ya ba su, kafin ku sare wani abu da kuka tarar a gidan iyayenku don ya tare muku hanya, ku tambayi wanda ya tsufa a gidan me ya sa aka yi shi. Amma jan kunnena ya fi zuwa ga 'yan'uwana mata, musamman irina masu taƙama da alkunya. Ban ce a yar da kunya ba. Sai dai in rai na cikin magana kada ki ba wani ya kai miki, don da nauyin da ya ga dama zai kai ta. Ki kira ɗanki, ko na fari ne, ki dube shi ki faɗa, in ya so duniya ta ce ba ki da ta ido. Allah ya jiƙan Malam, ni kuma ya yafe mini. Na sha tambayar kaina ko Malam ma ya ga abin da na gani, don ya fi ni sanin ginin nan. In ya gani, shi Allah ne ya riƙe masa harshe. Ni nawa lafiyarsa ƙalau, a ranar Lahadin nan ma sai da na wanke mai kawo mana itace tas a kan ya haɗo da ɗanye.