Gidan da ya tsuke a bargon Inna Kulu

Jiya ina shanya tsohon bargona, sai idona ya faɗa kan gidan saƙar nan da ya fi sauran tsukewa.

A Tsafe muka saƙa shi da kwarashi, wajen 1975, ni da ƙanwar mahaifiyata, Inna Kulu. Gida-gida muke yi, ita ke harhaɗawa. Da ta ɗaga wannan gidan, sai ta ce, "Ranar da aka hana ki zuwa biki Gusau kika yi shi."

"Wa ya faɗa miki, Inna?"

"Zaren. Mai fushi jan sa take yi. Ki riƙa sakin hannu."

Na so in warware, ta hana. Ta sa shi tsakiya, wai maƙwabtansa za su miƙar da shi.

Allah ya jiƙan Inna. Ku wa ya iya karanta ku haka?