Yayata da Masu Jiri

Yayata nas ce a ɗakin gaggawa, kuma ta tsufa a kan tambaya ɗaya: "Kai ke juyawa, ko ɗakin?" Duk wanda jiri ya kawo, sai ta juya kansa, ta ƙura wa idanunsa ido. In daga kunne jirin yake, da sauƙi. In daga ƙwaƙwalwa ne, a ruga kiran likita. Mu a gida bakinmu ya gaji da cewa ta huta.

Rannan jiri ya ɗebe ta a bakin aiki. Likita ya duba ta, bai ga komai ba.

"Sista, yaushe rabonki da zama?"

Tana cikin tunani aka turo wani tsoho, ya riƙe kai. Ta dafa bango ta miƙe.

"Baba, kai ke juyawa, ko ɗakin?"