Garin Kafso a Wuyan Maigidana

A lokacin da abin nan ya faru, ni ce likitar unguwarmu a Kafanchan, alhali ko ƙofar makarantar jinya ban taɓa takawa ba. Malamar firamare ce ni mai ritaya, shugabar Zumuntar Mata a cocinmu, ga baki ga taurin kai. Kowa ya yi zazzaɓi sai in zaro kafso ja-da-yalo daga jakata, in ce ya sha kwana biyu ya ajiye.

Da ƙodar maigidana ta gaza, aka sa masa roba a wuya, inda ake jona injin wankin jini sau biyu a mako. Nas ɗin ɗakin wankin jinin, wata 'yar Kagoma da na haifi wanda ya girme ta, ta ja mini kunne kada kowa ya taɓa bandejin a gida. Na ce to, a raina kuwa na ce yaushe aka haife ki? Da na ga wurin ya yi ja, sai na ɗaga bandeji, na fasa kafso na barbaɗa garin, yadda nake yi wa gyambo. In jikinsa ya yi zafi in ba shi ya haɗiya, da ya sauka in daina. Wata biyu ina wannan aika-aika.

Ran nan yana kan injin sai rawar ɗari ta kama shi, haƙora na haɗuwa. Gwajin jini ya nuna ƙwayar cuta ta shiga ta robar, kuma ta saba da magani har ba ta jin sa. Nas ta keɓe gadonsa don kada ƙwayar ta yaɗu, ta hana matan zumunta ɗora masa hannu, ta ce su yi addu'a daga bakin ƙofa. Na wanke ta tas a gaban jama'a, har na ce ba ta da tsoron Allah. Daga baya ta ja ni gefe ta ce, "Mama, na ga gari a ƙarƙashin bandeji. Ba kunyata ki zan yi ba, amma likita na bukatar gaskiya don ya ceci Baba."

Nan na faɗi komai. Yarinyar nan ba ta taɓa tona ni wurin dangin miji ba. Mako uku tana yi masa allurar da ta rage mai iya kashe ƙwayar, tana wanke hannu har fatarta ta tsage, tana gaishe ni da ladabi kamar ban zage ta ba. Ban taɓa ganin mai haƙuri irinta ba, Ubangiji ya sāka mata.

Na koyi cewa ƙauna ba ta mai da mutum likita. 'Yan'uwana mata, kada ku ba da kafso ba da izinin likita ba, in an rubuta kuma a sha har ƙarshe. Maigidana ya tashi, amma ƙarfin allurar ya cinye masa kunne. Yau in zan roƙe shi gafara, sai na ɗaga murya har maƙwabta su ji.