Na buɗe baki, Hausa ta hito

"Baba Dahome, taso, ga ɗan ƙasarku!"

Haka Ila mai hwacin taya ya tashe ni daga inuwa jiya da hantsi. Tayar wata babbar mota ta hwashe bakin hanyar Tsarnawa, direban ɗan Benin ne, yana ta bayani ba mai ganewa.

Shekara arba'in ina garin nan, tun da na baro garinmu Faraku a Benin, ƙasar da ake ce ma Dahome a da. Siminti na ja daga Malbaza har bayana ya ƙi, na aje tuƙi. Nan na bizne matata. Amma har yau in ana shawarar unguwa sai a ce, "Baƙo ya dakata tukuna." Ban manta ba, kuma ba ni mantawa.

Na tahi wurin motar ina hura hanci, ina cewa a raina yau za su ga amfanin baƙo.

Direban ya gaishe ni da yarenmu na Faraku. Na ji kowace kalma. Na buɗe baki in amsa, sai "Lahiya lau" ta hito. Na sake tonawa, kalma biyu na samu, sauran sun gudu. Da hannu muka ƙarasa maganar.

Da zai tashi ya riƙe hannuna, ya ce da yarenmu, "Baba, ku mutanen Nijar akwai kirki."

Ila ya ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce hwacinka bai yi kyau ba."

Ban iya cin abincin rana ba. Ku masu karatu, ku gaya mini: wanda yarensu ya gudu daga bakinshi, ɗan ina ne?