Kwana Uku da Baba a Kan Ruwan Landan

Juma'a: Catford zuwa Southall

Ƙarfe shida saura kwata na asuba muka kulle gidan hayarmu na bene a Catford, ni da maigidana Malam Idi da mahaifina. Watan Satumba ne, sanyi ya fara leƙowa. Na sa wa Baba suwaita biyu a ƙarƙashin babbar riga. Mai tasi ya karɓi fam uku ya kai mu Paddington, tafiyar mil tara.

Bari in gaya muku dalilin tafiyar. Baba Basarke ne, wato cikin Sarkawa masu sana'ar ruwa, mutumin ƙasar Yawuri. Shekara arba'in ya yi yana tuƙa jirgi a Kwara, yana dakon albasa da kifi, kafin ruwan dam ya ci garinmu aka mai da mu kan tudu. A shekarun nan da kuɗin fetur suka shigo, yayana Sani ya samu kwangila a Kaduna. Da ciwon ciki ya matsa wa Baba, sai Sani ya sa shi a jirgin sama ya aiko mana shi, tunda ina koyon aikin nas a wani asibiti a Whitechapel. Ni ce tafinta tsakaninsa da likita. Likitan ya ce ciwon daji ne, ya riga ya kai hanta. Aiki zai iya ƙara masa 'yan watanni, zai kuma iya yiwuwa ya kasa tashi daga gadon aikin. Baba ya dube ni ya ce, "Talatu, me ya ce?" Na ce, "Ya ce za su buɗe su duba." Aka sa ranar aikin, Litinin ɗin da ke bayan wannan tafiya tamu. Mako uku na yi ina yawo da wannan maganar a cikina, shi kuwa ya daina cin abinci, sai zama bakin taga.

Mista Alf wani tsohon Bature ne da na yi wata biyu ina wanke wa gyambo a ƙafa. A cikin jirgi yake zaune, a kan kanal, wato kogin da aka haƙa da hannu tun zamanin kakanninsu don dakon gawayi. Da na ba shi labarin Baba, cewa ya yi, "Kawo shi. Mutumin ruwa ba ya warkewa a bene."

Shida da rabi muka same shi a matsayar jirage da ke bayan Paddington. Jirgin dogo ne siriri, tsawon ƙafa saba'in, faɗinsa bai kai bakwai ba. A ciki akwai gadaje ƙanana uku, murhun gawayi, fitilar kananzir, da tankin ruwan sha da Alf ya ce in muka yi almubazzaranci da shi sai mu yi wanka da shayi. Baba ya taka jirgin daga kai har gindi, ya ƙwanƙwasa gefensa da zobe.

"Ƙarfe ne," ya ce. "Amma ƙirar tamu ce. Buhun albasa nawa yake ɗauka?"

Na tambaya. Alf ya ce bai taɓa ɗaukar albasa ba, amma ya ɗauki tan ashirin da biyar na gawayi shekara da shekaru, kafin manyan motoci su kashe sana'ar. Da na fassara, Baba ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallonsa.

Bakwai daidai muka tashi. Gudun jirgin mil uku ne a awa, mai tafiya a ƙasa ma yana iya wuce mu. Mun bi ta bayan masana'antu, tankunan gas, da wata babbar maƙabarta a Kensal Green. Ruwan baƙi ne, ga tsofaffin tayoyi. Baba ya ce a garinmu ko jaki ba zai sha shi ba. Duk da haka bai shiga ɗakin jirgin ba. Ya zauna kan akwati kusa da Alf, idonsa a kan hannun da ke riƙe da sandar juya jirgi.

Sha biyu saura muka ɗaure a Bull's Bridge kusa da Southall, mil goma sha uku. Baba da Malam Idi suka tafi Juma'a a wani gida da 'yan Pakistan suka mai da masallaci. Ni na shiga kasuwa: naman rago na halal na pence tamanin, barkono, garin shinkafa. Kuka da daddawa daga gida na zo da su. Wajen cin tuwo aka sha dariya, don Malam Idi ba ya cin abinci a gaban suruki, jirgi kuwa ba inda za a ɓuya. Ya ɗauki kwanonsa ya hau rufi, yana ci ana yayyafi. Baba ya yi loma biyar. Na ƙirga.

Asabar: Hanwell zuwa Brentford

Takwas na safe muka kama hanya. Mil shida ne kacal, amma sun cinye mana yini, saboda lok. Lok akwatin ruwa ne mai ƙofa gaba da baya. A shigar da jirgi, a rufe, a zare ruwan a hankali har jirgin ya sauka, sannan a buɗe ƙofar gaba. A Hanwell shida ne a jere, kamar matakala. Malam Idi, da ya zo Landan karatun injiniya, shi ya zama mai tura ƙofofi, har tafin hannunsa ya yi bororo.

A lok na uku Alf ya sauka don taimaka masa, ya juyo ya ce da ni, "Gaya wa mahaifinki ya riƙe." Kafin in buɗe baki Baba ya riga ya miƙe. Ya kama sandar, ya ɗan gwada ta hagu da dama, ya shigar da jirgin nan cikin akwatin da bai fi shi faɗi da yawa ba, ko gogar bango bai yi ba. Alf ya cire hularsa ya ɗaga masa. Daga nan har Brentford bai sake karɓar tuƙin ba, kuma ba su sake nemana ba. In Alf ya nuna da haɓa, Baba ya gane.

Uku da rabi muka isa. Mai tsaron lok na ƙarshe, wanda ke fita zuwa babban kogin Thames, ya duba takardar jirgi, ya ce, "Ba fita yau. Sai gobe takwas saura kwata, in ruwa ya cika." Muka ɗaure. Alf da Malam Idi suka tafi sayen burodi da madara. Ni da Baba muka taka zuwa bakin kogi bayan la'asar.

Mun tarar da shi a janye, laka ko'ina, jirage kwance a kan cikinsu. Muna zaune sai Baba ya nuna wani ɗan icce da ke kan ruwa.

"Ina teku take?"

Na nuna masa gabas.

"To me ya sa iccen nan yake tafiya yamma?"

Na yi masa bayani cewa teku ce ke turo ruwa sau biyu kullum, kogin ya koma baya, sannan ya sake sauka. Ya ce, "Ikon Allah. Da wani ne ya gaya mini a Yawuri, da na ce maƙaryaci ne." Lakar ta fara nitsewa. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce:

"Likitan nan ya daɗe yana magana, Talatu. Ke kuwa kalma biyar kika ba ni. Ina sauran?"

Na taɓa gaya wa iyalan marasa lafiya irin wannan magana da Turanci, amma da Hausa ban san ta inda ake farawa ba. Na gaya masa dai, duka, har da zancen gadon aikin. Ina yi ina kuka, shi yana jan carbi.

"In an yanka ni, zan warke?"

"A'a, Baba."

"In ba a yanka ba, wata nawa?"

"Allah ne masani. Likita yana ganin uku ko huɗu."

Ya lissafa da yatsu. "Farin ruwa ne yanzu a gida. Ke nan zan iya riskar baƙin ruwa." Haka mutanenmu ke kiran cikar Kwara ta damina da ta lokacin sanyi. "A mai da ni. Sani ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya yi masa albarka, ni zan yi masa magana da kaina."

Na ce to zan ajiye karatun in bi shi. A nan ne ya juyo ya dube ni.

"Ba da yawuna ba. Wata nawa ya rage miki?"

"Bakwai."

"Mata nawa suka mutu wajen haihuwa a sabon garin nan tun da muka koma? Kin san su da sunansu. Masu ba ni ruwa a baki suna da yawa. Ki gama ki zo musu."

Lahadi: Thames zuwa Limehouse

Takwas saura kwata aka buɗe mana ƙofa. Bayan kwana biyu a ƙuntataccen kanal, faɗin kogin ya ba ni tsoro. Jirginmu ba don irin wannan ruwa aka ƙera shi ba, gindinsa shafaffe ne. Alf ya sa muka rufe tagogi, aka ɗaure tukwane. Mil goma sha shida ne, ruwa na janyewa yana jan mu.

Har Putney lafiya lau, sai 'yan tseren kwalekwale da Baba ya ce suna da ƙarfi amma ba su ɗauko komai ba. Daga Westminster abin ya canza. Jiragen 'yan yawon buɗe ido suka riƙa watso mana igiyar ruwa, kofuna na faɗuwa, Malam Idi ya rungume bokiti. Kusa da wata gada wani jirgin jan kaya ya wuce, ya taso da igiya uku manya. Alf na ƙoƙarin kauce musu, sai na ji Baba ya daka tsawa da muryar da rabona da ita tun ina yarinya: "Ba ta goshin jirgi! Ba ta goshi!" Ya ɗora hannunsa a kan na Alf, suka tura sandar tare, jirgin ya fuskanci igiyar. Muka hau, muka sauka, sau uku. Ruwa ya jiƙe su sharkaf. Tsofaffin nan biyu suka dubi juna suka fashe da dariya. Baba ya lashi leɓe ya ce, "Da gishiri-gishiri. Ashe na zo teku."

'Yan sandan ruwa suka matso suka tambaya ko lafiya. Alf ya ce, "Lafiya lau, ina da matuƙi daga Afirka."

Goma da rabi muka shiga matsayar Limehouse. Daga nan zuwa asibitinmu bai fi tafiyar minti ashirin a ƙasa ba. Na shiga akwatin tarho na bakin titi, na sa pence biyu, na gaya wa sista, babbar nas mai aikin ranar, a soke aikin Baba na gobe, zan zo da safe in yi wa likita bayani. Na ji kamar an sauke mini dutse.

Wajen sallama Baba ya tuɓe hularsa ta zanna ya ba Alf. Alf ya shiga ciki ya fito da tsohon kofinsa na shayi mai zanen furanni. Ba wanda ya ce in fassara komai.

Gida

Bas biyu muka hau, muka isa Catford ƙarfe ɗaya da kwata. A bakin ƙofa Baba ya dafa bango ya ce ƙasa tana rawa a ƙarƙashinsa, kuma rabon da ya ji haka shekara bakwai ke nan. Ya ce in ɗora tukunya.

Bayan kwana tara Malam Idi ya raka shi har Kano, Yaya Sani ya ɗauke shi zuwa Yawuri. Ya yi wata huɗu da 'yan kwanaki, Allah ya yi masa rasuwa. Telegiram ya same ni ina bakin aiki, da safe, ina tsakiyar yi wa wata mata allura. Na gama mata, na wanke hannu, sannan na buɗe.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Mista Alf da bai karɓi ko kuɗin mai ba, da Malam Idi da ya tura ƙofofi har hannunsa ya fashe. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Baba addu'a. Yau shekara biyu ke nan ina karɓar haihuwa a garinmu, kuma in na fito daga ɗakin haihuwa, kabarinsa na nan tsallaken hanya.